Harshen Mannani Majemi da Kwalabe Bakwai

A Kankia idan ka miƙa wa dattijo goro ya ce ba ya ci, to ko dai haƙora sun ƙare, ko likita ya hana. Malam Abdulmannan, wanda duk gari ke kira Mannani Majemi, haƙoransa suna nan reras, kuma rabonsa da asibiti tun rigakafin ƙyanda. Amma shekara arba'in ke nan goro bai shiga bakinsa ba. Ba ya cin barkono. Shayi sai ya huce ya koma kamar ruwan wanke kwano sannan ya kurɓa. A wurin ɗaurin aure yakan karɓi nasa goron da hannu biyu, ya yi godiya, ya jefa aljihu, ya kai wa matarsa Kulu.

Idan aka matsa masa da tambaya sai ya zaro harshe ya nuna da yatsa.

"Kun ga wanga? Da shi nike ci da iyali. Direba na zuba ma injinshi yashi? To mi zai sa ni in zuba ma nawa goro?"

Jima ya gada daga ubansa, a wata majema da ke bayan gari inda iska ba ta kawo wa mutane warin. Fata ba ta jemuwa sai da bagaruwa, kuma ba kowace bagaruwa ba. Akwai wadda aka kaɗo ɗanya, akwai wadda ruwa ya taɓa, akwai wadda ta daɗe a buhu har ƙarfinta ya tsere. Sauran majema da ido suke saye, su gane kuskurensu bayan kwana uku, lokacin da fata ta fito tana wari kamar mushe. Mannani cizawa yake yi. Ya ɓalli kwanso ɗaya, ya tauna, ya lumshe ido, ya tofar.

"Wagga ta gefen Kunduru ce. Wanda ya kaɗo ta sauri yake, saura sati biyu ta nuna."

Mai buhu ya ce, "Wallahi Malam ta nuna."

"Kai ka tauna ko ni?"

Da a bagaruwa abin ya tsaya, da babu labari. Tun yana saurayi ya lura cewa duk tsiron da ke jera 'ya'yansa cikin kwanso kamar wake, akwai wani abu da ya haɗa su, akwai kuma abin da ya raba su, kuma abin yana cikin ɗanɗano. Sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana taunawa, daga gyaɗa har ɗorawa har ƙirya, ya raba su gida-gida. Akwai Gidan Bauri, bagaruwa ce babba a ciki. Akwai Gidan Tsami, na tsamiya da kalgo. Gyaɗa da gurjiya da wake suna Gidan Garɗi. Sai Gidan Ɗaci, wanda ya ce na marasa tarbiyya ne, su ne ke tsaye bakin hanya ba mai gaishe su.

A rumfar mai shayi da ke bakin titin Katsina ya taɓa rantsewa cewa tsamiya da wake kakansu ɗaya. Wani tela ya ajiye kofi don kada ya ƙware.

"Wato Malam, ƙatuwar tsamiyar ƙofar masallaci 'yar'uwar ƙosai ce?"

"Taubasai ne."

"To in an yi masu haihuwa wa ke yanka rago?"

Mannani bai kula ba. Har mutane ya shiga rabawa. Liman yana Gidan Garɗi, tela yana Gidan Ɗaci tun daga ranar nan. Kulu kuwa ya sa ta Gidan Tsami, labari ya kai mata, ya yi sati yana cin tuwo ba man shanu. Ranar ta takwas ya sanar a rumfa cewa an yi mata canjin gida zuwa Garɗi. Da aka tambaye shi ko ɗanɗanon ne ya canza, ya ce a bar maganar.

Mutum ɗaya ce ta taɓa sauraronsa ba ta yi dariya ba: Rufaida, ɗiyar ƙanwarsa daga Tafashiya, wadda ke karatun digiri na biyu a jami'a. Aikin da aka ba ta shi ne ta tara ganyen tsirrai dangin wake, ta shanya a inuwa, ta niƙa, ta kai ɗakin gwaji a fitar da sinadaran da ke cikin kowanne, a ga wa ya yi kama da wa.

Ranar da ta yi masa bayani ya daɗe yana kallon ta.

"Wato an sayi inji don ya riƙa tauna."

"Ba tauna ba ce Kawu, auna sinadari ne."

"Yana tofarwa?"

"Takarda yake fitarwa."

"To ai tofarwar ke nan."

Da ta gaya masa cewa a littattafansu ma tsamiya da wake dangi ɗaya ne, sai ya miƙe. Ya sa hula, ya tasa ta gaba har rumfar mai shayi, ya sa ta maimaita sau uku a gaban tela.

Shekara guda suka yi suna bin daji tare. Tafasa da baba da rai-ɗore da filasko sai da damina. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, sai da suka jira rani. Tsamiya da bagaruwa suka shiga tsakani. Kowanne ta shanya, ta niƙa, ta zuba a kwalba, ta manna takarda mai suna da lamba. Kwalabe bakwai iri ɗaya, garin ciki duk kore-kore ne mai duhu, ba mai raba su da ido. Ta ajiye su a ɗakin da Mannani ke tara fatu, don can ne rana ba ta leƙawa.

Wata ranar Laraba cikin bazara Rufaida ta zo ɗaukar kwalaben. A ranar ne kuma Baba Dawuda, mahaifin Kulu, ya iso daga Kusada a bayan babur. Tsohon ya haura tamanin da biyar. Sau ɗaya yake zuwa a shekara ya duba ko ana ciyar da ɗiyarsa, ko da yake auren ya shekara talatin da biyar, kuma har yau "yaron nan" yake kiran Mannani.

Rufaida ta shiga ɗakin fatu, ta fito hannu a ka.

"Inna Kulu, wa ya taɓa mani kwalabe?"

"Ni ce, kuma ba sai kin gode ba. Na ce yarinyar ga boko ya yi mata yawa har ƙazanta ta biyo baya. Kuka har kwalba bakwai, kowace da tsumman takarda manne a jiki! Wace mace ke zuba kuka ba ta ɓare takardar kwalba ba? Baba ya zo ya ga haka a gidana? Na sa ruwan ɗumi na goge su tas, na jera maki bisa taga."

"Inna, ba kuka ba ce!"

"To Allah ya taimake ku, don yau na so kaɗa miya da ita."

"Ina takardun?"

"Da su na hura wuta."

Rufaida ta zauna daɓas a kan turmi. Kulu ta ce ta tashi, budurwa ba ta zama bisa turmi. Ta koma ƙasa, ta fara bayani. Gobe da azahar ne layinta na shiga injin, wata huɗu tana jira. Injin yana faɗin abin da ke cikin gari, amma ba ya faɗin sunan ganye. In ba ta san wace kwalba ce wace ba, ƙura ta tara shekara guda. Huɗu daga ciki kuma ba za su sake tsirowa ba sai ruwa ya zauna, lokacin an rufe karɓar aiki.

Mannani, da ya shigo daga majema yana goge hannu, ya yi wata dariya ta manya.

"Shi ke nan kukan? Ɗiyata, share hawaye. Abin da na yi shekara arba'in ina ma tanadi ne ya zo. Bari in gaida Baba a zaure, in dawo in kira maki sunansu ɗaya-ɗaya kamar malamin aji."

Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gaban surukinsa, kai a ƙasa. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi zafi, aka tambayi mutanen Kusada. Tsoho ya laluba aljihu ya fito da goro. Mannani bai damu ba, don duk shekara haka ake yi: a ba shi guda, ya jefa aljihu.

Abin da bai sani ba, haƙorin ƙarshe na Baba Dawuda ya faɗi da azumin bana. Sai ga tsoho ya fito da magogi. Ya goga goron nan a hankali har ya zama gari, ya zuba rabi a bakinsa, ya ce, "Yaro, miƙo hannu."

Ya juye masa sauran a tafi.

Garin goro ba ya shiga aljihu. Mannani ya dubi tafin hannunsa, ya dubi ƙofa, ya saci kallon tsoho. Tsoho shi yake kallo.

"Ci mana. Ko hannuna ne kake ƙyama?"

"Subhanallahi, Baba."

"To ci. Ɗan daushe ne, mai ƙarfi."

Ya watsa a baki. Ya tauna, hawaye na taruwa. Tsoho ya ce ai daɗin ne, ya goga masa wani rabin.

Da ya dawo tsakar gida leɓɓansa jawur, Kulu ta saki muciya.

"Malam! Mi zan gani?"

Ya wuce ta ya ɗauki buta. Ya kuskure baki sau bakwai, ya goge harshe da gefen riga, ya buɗe kwalba ta farko ya lasa. Rufaida ta riƙe biro tana jira.

"Goro," ya ce.

Ya lasa ta biyu. "Goro."

Ya lasa yatsansa tsura, ya lasa bakin buta. Duk goro.

"Kawu, yaushe zai sake ka?"

"Ina na sani, ni da rabona da shi shekara arba'in? Babana ya ce kwana uku."

Ya zauna a gindin bango ya yi tagumi. Har akuyar Kulu ta zo ta shinshina shi ta wuce. Can sai ya miƙe.

"Kulu, kawo mani kasko bakwai. Harshe ya tahi hutu, amma ba a rufe majema ba."

Ya ɗebi ɗan gari kaɗan daga kowace kwalba ya jiƙa. Ya ɗauko ruwan kashin maƙera, wanda ake baƙanta fata da shi, ya ɗiga a kowane kasko. Wasu suka ɗan yi duhu. Ɗaya ya koma baƙi ƙirin kamar tawada.

"Bagaruwa. Ba ta ganin ƙarfe ta yi shiru. Rubuta."

Rufaida ta matso, ta manta da kuka. "Kawu, wannan gwajin muna yin shi a makaranta, da ruwan ƙarfe a kwalbar gilashi."

"Ku a gilashi, mu a kasko. Wa ya koya ma wani?"

Ya sake jiƙa sauran shida da ruwan ɗumi da toka, ya bar su a rana har bayan azahar, sannan ya karɓi maburgin Kulu ya shiga burgawa. Kulu ta ce in maburginta ya lalace ya san inda ake sayarwa. A kasko na huɗu kumfa ta fara shuɗi, maburgi ma ya yi shuɗi. Ganyen baba ke nan, na marina.

Tsamiya ba ta ba da wahala ba. Ya sa Rufaida ta lasa biyar ɗin da suka rage, a ta uku fuskarta ta tattare kamar an ja zaren jaka.

"Wannan ko harshen boko ya gane ta," in ji shi.

Kulu, wadda tun ɗazu take zagaye kamar ba ruwanta, ta ture shi gefe. Ta zuba tafasasshen ruwa a sauran huɗu, ta sunkuya tana shaƙa.

"Ga tafasa nan. Shekara talatin da biyar ina kwaɗa maka ita kana cewa gishiri ya yi yawa."

Saura uku. Mannani ya zuba su tsibi uku a kan faifai, ya jawo akuya. Ta shinshina na farko ta yi atishawa. Ta shinshina na biyu ta juya masa baya. Na uku ta lashe shi tas, ta kama faifan za ta ci, sai da Kulu ta bi ta da tsintsiya.

"Gawo," in ji Mannani. "Ki sa sunan akuyar cikin waɗanda suka taimaka."

Saura rai-ɗore da filasko. Rufaida ta lasa, duka ɗaci. Kulu ta shaƙa, ta ce warin rai-ɗore ya gudu da ya bushe. Ruwan ƙarfe bai raba su ba, akuya kuwa ta ƙi ko waiwayowa. Rufaida ta ce waɗannan biyun su ne zuciyar aikin, don su suka fi kusanci, kuma bambancinsu malaminta yake son gani. In babu su, biyar ɗin ba su isa a karɓa ba.

Mannani ya shafa gemu. "Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma hali ya bambanta. Rai-ɗore in ya shiga ciki sallama yake, ya jira a ba shi izini. Filasko ba ya sallama."

"Kawu, ba dai sha za ka yi ba?"

"Cokali ɗaya. In na kwana lafiya, rai-ɗore na sha. In ban kwana lafiya ba, kin samu amsa."

Kulu ta ɗaura jan zare a wuyan kwalba ɗaya, baƙi a ɗayar. Bayan magariba ta dafa duka biyun, don bai faɗa mata wanda yake so ba, ta ɗaura wa kofunan zare irin na kwalabensu, ta ajiye a bakin zaure inda yake alwala. Mannani ya ɗauki mai jan zare, ya yi bisimilla, ya rufe ido ya shanye. Ko shi goro ya ji.

Da ya buɗe ido, kofi mai baƙin zare yana hannun Baba Dawuda, babu komai a ciki.

"Shayin ga naku ba sukari," in ji tsoho, yana lashe dasashi, "amma ya yi ƙarfi. Haka nike so."

Mannani ya shiga gida da sanɗa, ya tara mata biyun a bayan rumbu.

"Baba ya shanye ɗayan."

Kulu ta dafe ƙirji. "Ka ba ubana filasko?"

"Ban sani ba! Shi ne abin da muke bincike! Ki je ki tambaye shi ya cikinshi."

"Ni in tambayi ubana cikinshi? Kai ka je."

"Surukina? Gara in bar garin."

Suka dubi Rufaida. Ta ce ita digirin ma ta yafe. A ƙarshe Kulu ta cika buta fal ta ajiye a bakin zaure, ta ja mata layi da gawayi a ƙasa, don a gane in an ɗaga. Mannani kuwa, da aka idar da isha'i, ya daɗe hannu sama yana roƙon abin da bai taɓa jin wani ya roƙa ba: Allah ya sa shi ne cikinsa zai ɓaci.

Gari ya waye buta tana kan layinta, cike. Shi ma cikinsa shiru kamar an yi masa rashi. Ya je gaida tsoho.

"Baba an tashi lafiya?"

"Lafiya lau."

"Lafiya dai sosai?"

"Sosai."

"Jiki duka? Sama da ƙasa?"

Tsoho ya ƙura masa ido. "Yaro, gaisuwar ga ta yi yawa. In wani abu kake so in ba ka, faɗi."

Ƙarfe bakwai ya raka Rufaida bakin titi. Motar Katsina ta kusa cika, ɗan kamasho na dukan ƙofa yana kiran saura mutum ɗaya. Ta zauna gefen taga, kwali a cinya: kwalabe biyar da suna, biyu da zare.

"Ba komai Kawu, ka yi iya yinka," ta ce, ba ta dube shi ba.

"Wataƙila garin ya kwana biyu, ƙarfin ya tsere," ya ce a sanyaye. "Ko kuma cikin Kusada ne ba ya jin magana."

Mutum na ƙarshe ya shiga. Direba ya ɗauko makulli. Sai aka ji wata ƙara mai tsawo, ƙasa-ƙasa, kamar ana jan turmi a kan siminti. Ɗan kamasho ya leƙa ƙarƙashin mota.

"Direba, ka tada ne?"

"Ban ko sa makulli ba."

Mannani ya tsaya cak, hannu ɗaya dafe da ciki. Fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir da kujerar Makka.

"Alhamdu lillahi! Ni ne! Jama'a ni ne, ba Baba ba!" Ya kama tagar mota. "Rufaida, rubuta! Jan zare filasko, baƙi rai-ɗore!"

"Kawu ka tabbata?"

"Ki dube ni da kyau ki sake tambaya."

Ta duba, ta zaro biro. Shi kuwa ya juya ya kama hanyar gida da wata tafiya wadda ba gudu ba ce, ba kuma tafiya ba, gwiwoyi a haɗe, babbar riga a dunƙule a hannu. Duk wanda ya tsaya zai gaishe shi, tun kafin ya buɗe baki yake jefa masa amsa.

"Lafiya lau, iyali lafiya, aiki da godiya, sai an jima!"

A ƙofar gida ya tuna tsoho na zaure, kuma ba a wuce suruki sai an cire takalmi an durƙusa. Ya auna durƙuson a ransa, ya ga ba zai tashi da mutunci ba. Sai ya zagaya ta lungu. Maƙwabta sun ce ba su taɓa ganin mai shekara sittin da biyu ya haura katanga da irin wannan natsuwa ba.

Bayan la'asar Rufaida ta kira wayar Kulu. Ta ce ta shiga layi a kan lokaci, kwalabe bakwai da suna bakwai, malaminta ya karɓa. Tana son ta yi wa kawunta godiya.

"Ba ya kusa," in ji Kulu. "Tun safe sau shida ke nan yana zagayawa. Tsaya, ga shi yana magana ta bayan zana." Ta ɗaga murya. "Mi ka ce, Malam?"

Ta saurara, sannan ta mayar da waya kunne.

"Wai ki ja ma sunan filasko layi biyu, ya tabbata."